Madubin Kawu Malamin Daji

Bana da na je garinmu gaisuwar rasuwa, na tarar an cinye wa dutsen bayan gari gefe guda. Masu fasa dutse sun kafa rumfunan buhu a gindinsa, tifa tana shiga tana fita da tsakuwa, ƙarar guduma kuwa tun daga bakin kwalta ake jin ta. Na ce wa jikana da ya ɗauko ni a mota ya ɗan tsaya. Ya tsaya, ya bi ni da kallo, ya tambaye ni ko akwai wanda na sani a cikin ma'aikatan. Na ce babu. Na rasa yadda zan gaya masa a taƙaice cewa a kan wannan dutsen aka gano abin da ke damun idona, ina 'yar budurwa, bayan duk gari ya gama yanke hukunci cewa halina ne ba shi da kyau. Shi ya sa na ce bari in faɗe shi a tsanake, tun da sauran masu tuna yadda wurin yake.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne kudu da Tudun Wada, in ka miƙi hanyar Doguwa, daf da dajin Falgore. A wancan zamani daji ba ya nesa da kowa. In ka fita ta bayan gida ka wuce gonakin karkara, sai ɗorawa da kaɗanya su fara haɗa kai, daga nan sai marke da kirya, sai duhuwar da yara ba sa shiga. Da asuba, kafin ladan ya gama kiran salla, zabin daji sun fara kwakwazo a bakin rafi. Hantsi na yi kurciya ta karɓa. Da yamma kuwa sai ka ji gwaggon biri yana haushi daga kan duwatsu kamar tsoho mai tari. A cikin gida taɓarya ce ke magana, Inna da matar ƙanin Baba suna lugude, kaji suna zagaya turmi, guga yana bugun bakin rijiya, matan ruga suna tallar nono da muryar nan tasu mai ja. Kakarmu takan ce ko an rufe mata ido ta san lokacin kowace salla da kukan tsuntsu. Yanzu injin niƙa ya karɓi aikin turmi, injin ban ruwa ya danne kukan tsuntsaye, dajin ma an ce ba kowa ke iya shiga ba saboda miyagun da suka mai da shi maɓoya. Ni na fi tuna garin da kunne a kan ido, kuma da dalili.

Tun da na yi wayo, abin da ya wuce tsawon tabarma biyu daga inda nake, dishi-dishi nake ganin sa. Bishiya a wurina dunƙulen kore ce a kan sanda. Mutum in yana tahowa daga nesa, farar inuwa ce ko baƙa, sai ya yi magana ko ya matso in san ko wane ne. Ban taɓa kai ƙara ba, domin na ɗauka haka kowa yake gani. In na ji yara sun ce ga wane can yana dawowa daga kasuwa, sai in ɗauka da tafiyarsa suka gane shi, in yi ta mamakin wayonsu. Jinjirin watan azumi da ake taruwa a bakin masallaci ana nunawa da yatsa, ban taɓa ganin sa ba. A zatona sai mutum ya girma ake ba shi ikon ganin wata. Amma abin da ke kusa, ba wanda ya kai ni. Duk tsofaffin unguwa ni suke aika wa in zura musu zare a allura. Ni ce mai tsince tsakuwa a shinkafa, ni ce mai cire ƙaya a ƙafa, a makarantar allo kuma ban taɓa shan bulala ba, don allona yana bakin hancina.

Wannan ne ya sa ba wanda ya zargi idona. Wa zai ce yarinyar da ke zura allura da magariba ba ta gani? Sai aka nemi laifin a wani wuri. A garinmu yaro ba ya jira babba ya iso. Tun daga nesa zai cire takalmi, ya kauce gefen hanya ya durƙusa. Ni kuwa sai babba ya zo kaina nake farga, in zube ina gaisuwa a gurguje bayan ya riga ya ƙullace ni. Ga shi in ina son gane abu sai na ƙanƙance ido na tamke goshi, mutane suka ce harara ce. Goggo, yayar Baba da ke aure a Kiru, duk zuwan da za ta yi sai ta ce wa Inna ta tashi tsaye a kaina, yarinyar nan tana kallon manya kamar sa'anninta. Bayan an watse sai Inna ta ja ni ɗaki ta tambaye ni a hankali me ya sa nake haka. Ni ma ban sani ba, sai in sa kuka.

Kawu ƙanin Inna ne, ciki ɗaya. Ma'aikacin gandun daji ne, mutane suna ce masa Malamin Daji. Dogo ne siriri, da kakinsa da ya koɗe, da keke mai ƙararrawa. Ba ya gaggawar magana. In an tambaye shi abu yakan yi shiru har mai tambaya ya fara jin kunya, sannan ya amsa. Aikinsa ya zagaya iyakar daji, ya hana sarar itace ba izini, da cinna wuta, da harbin dabbar da aka hana. Abin da ke sa yara bin kekensa shi ne wata jakar fata mai tauri da yake ratayawa a wuya. A cikinta akwai madubin hangen nesa, baƙi, mai ido biyu, mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa, fentinsa ya goge a inda yatsu ke kamawa. A duk ƙasarmu ba mu san wani mai irinsa ba. Yau kowane yaro yana ɗaga waya ya ja hoto da yatsu biyu ya kawo nesa kusa, ko mamaki ba ya yi. A lokacin, dattijo mai furfura yakan yi salati in ya ɗora madubin a ido ya ga saniyar da ke hayin rafi ta zo gabansa, har ya miƙa hannu zai taɓa.

Kawu ba ya rowar madubin, amma yana da ƙa'ida: ba ya miƙa wa mutum sai ya zauna ya koya masa gyarawa. Yakan ce madubi ba ya gani, ido ne ke gani, kuma idon kowa da inda yake tsayawa. Wanda ya karɓa ya duba a yadda na gabansa ya bari, ƙarshenta ya tashi da ciwon kai ya ce madubin ne ba kyau. Shi kansa idonsa na dama ya fi na hagu rauni, tun wata rana da reshe ya fyaɗe shi a daji, don haka ya yi 'yar alama da bakin wuƙa a jikin zoben da ke idon dama na madubin, domin in an ɓata masa ya san inda zai mayar. Ya taɓa ba mu labarin lokacin da aka kai su horo, inda ya ga wani babban madubi mai ido ɗaya da ake kafawa a kan ƙafa uku, da bindiga mai madubi a gadon baya, da siraran zare biyu a giciye a cikinsa. Ya ce malaminsu ba ya barin kowa ya auna komai sai ya fara ɗaga bindigar sama, inda babu ko gajimare, ya murza bakin madubin har zaren ya fito fes ga idonsa. Kuma da kallo ɗaya na sauri ake dubawa, domin in ka daɗe kana zura ido, idon yakan yi ƙoƙari ya gyara da kansa ya yaudare ka. Fulanin rugar yamma sukan zo ya duba musu in maraƙi ya ɓata. Wani tsohonsu dai bai taɓa yarda ya sa shi a ido ba, ya ce nasa bai gaza ba tukuna, kuma Kawu da bakinsa ya shaida cewa tsohon yakan riga madubin gano saniya. Mu yara mata ko jakar ba ma taɓawa. Ba wanda ya hana mu, abin ne dai bai zo a ran kowa ba.

Shekarar da abin ya faru, Baba ya shuka masara a gonarsa ta gindin dutse, wadda ta fi kusa da daji. Damina ta yi kyau, masara ta yi goyo, gemunta ya fara bushewa. Lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, dawa ba ta nuna ba, masarar nan ita za ta riƙe gida har kaka. Lokacin ne kuma birai ke saukowa. Gadin gona aikin yara ne. A kafa doguwar rumfa a tsakiyar gona, a ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, a rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki, yaro ya hau da majajjawa da ƙullin dambu, ya wuni yana ja yana ihu. Yayana ne ke yi, sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Ƙannena kuwa ƙanana ne. Aka ce in je.

Na hau rumfar da niyyar in nuna ni ma ina da amfani. Ban zauna ba, ban yi waƙa ba, ko dambun ban kwance ba. Ina jan igiya, ina juyawa gabas da yamma. Abin da nake gani kore ne a shimfiɗe, yana motsi in iska ta kaɗa. Birai kuwa suna da wayo; in sun lura gwangwani na ƙara ba dutse na biyo baya, sai su daina kula shi. Suka shigo ta gefen rafi, garke guda, suka yi ta karya suna ɓarewa, su gatsa su yar su ɗauki wani. Ban san suna nan ba sai da wani babba ya yi haushi kusa da ƙafar rumfa. Kafin maƙwabcin gonarmu ya ji ihuna ya iso da karensa, kusan rabin gonar ya kwanta.

Baba mutum ne mai haƙuri, ba mai yawan duka ba. Amma ranar, da ya tsaya a cikin karan da aka tattake, ya tambaye ni ko barci na yi na ce a'a, ko wasa na tafi na ce a'a, ya ce to me na gani na ce ban ga komai ba, sai ya karyo tsumagiya. A ganinsa na haɗa sakaci da ƙarya. Dukan bai dame ni kamar shirun da ya biyo baya ba. Aka rage tuwo, Inna tana ƙara rama da tafasa don abinci ya yi auki, kuma duk lomar da na kai baki na san daga ina ƙarancin ya fito. Goggo ta zo, ta ce ai ta daɗe tana faɗa. Aka yanke shawara ranar kasuwa mai zuwa za ta tafi da ni Kiru, in zauna a hannunta har ta gyara mini hali. A lokacin Kiru a wurina ƙarshen duniya ce. Inna ta fara wanke mini 'yan kayana.

Ana cikin haka Kawu ya biyo. Ya ji labari daga bakin Baba, ya ji daga bakin Inna, ya kira ni ya sa na maimaita nawa. Sannan ya roƙi Baba arziki a sake tura ni gadi washegari, ni kaɗai, ya ce duk abin da ya ɓaci a wuyansa. Baba ya ce abin da ya rage bai kai a yi wasa da shi ba, amma yana jin nauyin Kawu, ya yarda.

Ban san cewa tun kafin in isa gonar Kawu ya riga ya hau dutse ya zauna da madubinsa ba. Daga baya ya faɗi abin da ya gani. Ya ce da hantsi birai suka fito daga bakin rafi, babbansu ya hau kan suri a fili, ba ganye ba kara tsakaninsa da ni, ya zauna yana sosa ciki. Ni kuma ina tsaye a kan rumfa, majajjawa a hannu da dutse a ciki, fuskata tana kallon surin sosai, na tamke goshi, ina karkata kai kamar mai sauraro. Birin ya dube ni, na dube shi, ban ɗaga hannu ba. Sai da kara ya karye a wani gefe na juya na wurga dutse wajen ƙarar. Nan ya busa usur ya tarwatsa su, ya sauko.

Ya tsaya a gindin rumfa ya ce in biyo shi. Na ɗauka wani dukan ne. Muka hau dutsen, yana gaba ina baya, har kan wani falale inda ake hango gonar duka. Ya zaunar da ni, ya nuna mini wata ɗorawa a hayin rafi, ya tambaye ni me ke kanta. Na ce ganye. Ya ce ganye kawai? Na ce ai daga nan ba a ganin abin da ke kan bishiya. Ya tambaye ni wa ya gaya mini haka. Na ce ba kowa, haka dai yake.

Sai ya cire madubin daga wuyansa ya rataya mini. Ya lanƙwasa shi ta tsakiya, ya matso da idanun biyu har suka yi daidai da tazarar nawa, ya ce in faɗa masa in da'ira biyun da nake gani sun haɗe sun zama ɗaya. Da suka haɗe, na ga ɗorawar ta taso ta cika mini ido, amma dunƙulen nan ne dai na kullum, girma kawai ya ƙara. Na gaya masa haka. Ya ce shi a yadda ya bar shi, kowane ganye yana gani. Ya sa tafin hannunsa ya rufe gilashin dama ta gaba, ya ce kada in runtse, in bar idanuna duka a buɗe, ya ɗora yatsana a kan wani ɗan abu mai tsaga-tsaga kamar marfin kwalba da ke tsakiya.

"Murza a hankali," in ji shi. "Kada ki matsa wa idon. Ki bar shi ya huta, madubin ne zai zo ya same shi."

Na murza, abin ya ƙara dagulewa. Ya ce in koma ɗaya gefen. Na koma, na wuce inda ya bar shi, na ci gaba, har na ji kamar abin zai ƙure. Sai dunƙulen ya fara tsagewa. Ya rabu ya zama rassa, rassan suka rabu suka zama ƙananan ganye a jere kamar haƙoran mataji, kowanne da gefensa, kowanne da motsinsa. A kan wani reshe ga cilakowa da dogon bakinta, tana juya kai, har ƙwayar idonta na gani. Na cire madubin da sauri na dubi bishiyar, ta koma yadda na san ta. Na mayar, ga ganye. Na tambayi Kawu ko madubin ne ke zana su. Ya ce a'a, suna nan tun da bishiyar ta tsiro, kuma yaran garinmu in sun tsaya a gindinta suna ganin su har ƙololuwa ba madubi. Da na ji haka sai kuka ya ƙwace mini.

Ya bar ni na gama. Sannan ya rufe gilashin hagu, ya sa na murza zoben idon dama shi kaɗai har can ma ya fito, ya ce idanuna biyu ma ba ɗaya ba ne, na dama ya fi gajarta. Ya karɓa ya dubi alamar wuƙarsa, ya dubi inda na kai zoben, ya ɗora a idonsa ya yi saurin saukewa yana murmushi. Ya mayar mini, ya ce in sha kallo, shi zai lura da gona. Na ga matan ruga suna tafe a jere da ƙwarya a ka, har zanen jikin ƙwaryar. Na ga hayaƙin gidanmu yana fita ta jinka. Na ga wata gada ta fito shan ruwa tana kaɗa kunne. Har rana ta take tsaka ban tuna da yunwa ba.

Da la'asar Kawu ya je ya taho da Baba. Bai yi masa dogon bayani ba, domin ya san Baba ba ya karɓar magana sai abin da ya gani. Ya gyara masa madubin daidai idonsa, Baba ya ga ɗorawar ya gyaɗa kai. Kawu ya karɓa ya miƙo mini ba tare da ya taɓa komai ba, ya ce in faɗi abin da na gani. Na ce dunƙule. Ya ce in gyara wa kaina. Na murza har ganye ya fito, na ce tsuntsaye biyu ne yanzu a reshen ƙasa, ɗaya da wani abu a baki. Sai Kawu ya miƙa wa Baba a yadda na bar shi. Baba ya ɗora, ya janye kai, ya goge ido, ya sake ɗorawa. Ya ce ai an ɓata shi, ba a ganin komai sai jirwaye.

"Ba a ɓata ba, Yaya," in ji Kawu. "Inda naka ya tsaya daban, inda nata ya tsaya daban. Irin wannan jirwayen take gani tun da ta yi wayo. Na zauna a nan da safe, na ga biri a kan surin can yana kallon ta, tana kallon sa, da dutse a hannunta. Yarinyar nan ba ta yi barci ba, kuma ba ta yi maka ƙarya ba."

Baba ya riƙe madubin a ido ya daɗe, a yadda yake ɗin nan, ya juya ya dubi gona, ya dubi surin, ya dubi hanyar gari. Da ya sauke, sai ya tambaye ni, fuskarsa na wani gefe, ko ranar da Liman ya kawo ƙara cewa na wuce shi a bakin rijiya ba gaisuwa, ban gan shi ba ne. Na ce sai da ya yi tari na san shi ne. Ya ce, "Kuma ba ki faɗa ba." Na ce ban san akwai abin faɗa ba. Muka sauko yana gaba, kuma duk inda dutsen ke da santsi sai ya tsaya ya ce in lura da ƙafata, abin da bai taɓa yi ba.

Aka fasa tafiya Kiru, amma sai wata gardamar ta taso. Kawu ya ce akwai asibitin ido a Kano inda ake auna mutum a yi masa tabarau daidai idonsa, kamar yadda na murza madubi na tsayar, sai dai wannan a fuska zai zauna. Goggo ta ce ita ba ta taɓa ganin 'ya mace da gilashi ba, abin alƙalai ne da malaman asibiti, yara za su mai da ni abin tsokana. Wasu suka ce gilashi yana shanye ido, a nemi tozali mai kyau da rubutu. Liman, da ya ji yadda aka yi, shi ya ce neman magani ba laifi ba ne, a yi rubutun a kuma je Kanon. Har ya aiko mini cewa maganar bakin rijiya ta wuce, ni ma in yafe masa. Baba ya saurari kowa. Da aka tone gyaɗa, ya kira Kawu ya ce ya kai ni, shi aikin kaka ba zai bar shi ba.

Yau daga garinmu mutum ya je Kano ya dawo kafin la'asar. Jikata da aka ga tana matsawa jikin talabijin, rana ɗaya aka auna ta, ta zaɓi tabarau ja da kanta, ƙawayenta har suna aro su yi hoto. Mu kuwa sai da muka taka zuwa bakin hanya, muka jira motar katako, muka hau kan buhuna, aka tsaya a Tudun Wada aka ƙara kaya, aka tsaya wajen Bebeji aka gyara taya. Muka sauka gidan wani abokin aikin Kawu. A asibiti wata ma'aikaciya ta ɗora mini wani tabarau na ƙarfe mai nauyi, tana zura gilasai tana cirewa, tana tambaya wannan ko wancan. Ba ta sha wahala da ni ba. Ta ce yawancin yara sukan ce to ga kowane gilashi don kunya, ni wa ya koya mini in dage sai abu ya fito fes? Na nuna Kawu. Muka jira kwanaki aka haɗa nawa, baƙi mai kauri, Kawu ya ɗaura masa zare ta baya don kada ya faɗi. Ranar farko ƙasa tana tasowa kamar za ta bugi fuskata, ina ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Kawu ya ce in yi haƙuri, ido ma koyo yake yi.

Da wannan tabarau na shiga makarantar boko a makare, da magajinsa aka kai ni ɗakin aure a Dangora, kuma na canza wasu da yawa tun daga nan. Tsokanar da Goggo ta ji tsoro an yi ta, ta kuma wuce. Goggo ma da girma ya zo, ni na raka ta aka auna ta, tana faɗa tana zaɓe. Kawu ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Da ya bar aiki ya goge madubin ya mayar wa ma'aikata, ya ce ba nasa ba ne. Na zauna da mutane masu ilmi da masu kirki, amma ban sake haɗuwa da wanda, in duk gari ya gama magana a kan yaro, zai bar aikinsa ya hau dutse ya zauna don ya duba da kansa ba.

Abin da na fi riƙewa dai shi ne ranar da muka dawo daga Kano. Motar ta sauke mu a bakin hanya, rana ta yi sanyi. Daga nan zuwa gari hanyar ƙafa ce miƙaƙƙiya, tsakanin gonakin gyaɗa da aka tone. Can nesa, a gindin tsamiyar da hanya ta rabu, na hango mutum, kuma a karo na farko a rayuwata na gane mutum daga nesa kafin ya yi magana. Baba ne. Ashe tun da muka tafi, kullum in ya tashi daga gona nan yake zuwa ya tsaya. Ya cire hula yana murza ta a hannu, yana ɗage yana leƙen hanya, ya taka gaba ya dawo. Da ya gane mu, na ga ya ɗaga hannu biyu sama, sannan ya shafa fuska. Ya yi dariya shi kaɗai, irin wadda duk haƙora ke fitowa, ya kama bakin riga ya goge ido. Ni fuskar Baba da na sani ita ce ta kusa, wadda yake ɗaurewa in yaro ya zo gabansa, kamar yadda iyayen wancan zamani suke yi. Ban taɓa sanin yana da wata ba. Shi kuma ya saba a wannan tazarar ba na ganin sa, ya manta da abin da aka je yi Kano.

Na ja rigar Kawu na ce, "Kawu, Baba kuka yake yi."

Bai rage tafiya ba, ya ce, "Na gani. Kada ki nuna masa kin gani."

Kafin mu isa Baba ya mayar da hularsa ya haɗe fuska. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, ya yi wa Kawu sannu da hanya, ya dubi tabarau ɗin ya ce in riƙa kula da shi kada ya fashe. Ya karɓi ƙullin kayana ya wuce gaba. Har ya koma ga Allah ban gaya masa ba. Amma daga ranar, duk sanda na dawo daga wata tafiya, ko bayan na yi aure, nakan rage sauri tun daga nesa, in gyara zaman tabarau a hanci, in kalle shi son raina kafin ya tuna ina gani.